Takardar da Ta Ce a Zo da Uba

Shekara ashirin da shida ya yi yana akawun makarantar, a wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya kusa da ofishin hedimasta. Ɗalibai na ce masa Baba Tafireta, sunan kuma ya bi shi har bayan da aka ɗauke tafiretar aka kawo kwamfuta. Mutum ne mai tsabtar rubutu. Ko waƙafi ne ya kauce, sai ya yage takardar ya sake. Malamai kan tsokane shi da cewa ko tari zai yi sai ya ja layi.

Duk takardar da za ta je gidajen yara, da magana ɗaya yake rufe ta: kowane ɗalibi ya zo da mahaifinsa. Haka ya gada daga akawun da ya gabace shi. Malamar lissafi ta taɓa nuna masa cewa rabin ajinta 'yan mata ne, kuma yawancin masu amsa kiran makaranta iyaye mata ne. Ya yi dariya, ya ce ai kowa ya san abin da ake nufi, in an ce "ya" an haɗa da "ta", kada ta ɗauko masa surutun mata da sassafe.

Wata shekara aka aiko da fom na jarrabawar neman gurbi a babbar makaranta, ana so a sa hannu cikin kwana biyu. Ya buga takardarsa yadda ya saba. Kowa ya cike, ban da yarinyar da ke zuwa ta ɗaya a ajin ƙarshe. Ya haɗa fom ɗin ya aika, yana mitar sakacin iyayen zamani.

Bayan mako guda uwar yarinyar ta shigo ɗakinsa. Shara take yi a asibiti, hannuwanta duk sun faffashe da ruwan sabulu. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce haƙuri ta zo bayarwa. Mijinta ya rasu shekara huɗu ke nan. Ta je wurin ƙanin mijin, ya ce yana tafe, bai zo ba. Ita kuwa kwana biyun da aka bayar tana tsaye a bakin get, mai gadi ya duba takardar ya ce uba aka kira.

"Ni ban yi karatu ba, malam," in ji ta. "Da aka ce min uba, sai na ɗauka hannuna ba ya shiga."

Ya buɗe baki zai ce ai kowa ya san abin da ake nufi, sai ya tuno da yarintarsa. Shi kansa maraya ya tashi. Innarsa ce ta riƙa bin makarantu da ƙafa har ya zama abin da ya zama, bai taɓa tunanin irin takardun da ake miƙa mata ba. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Da ma zaginsa matar ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Washegari ya hau mota ya je ofishin ilimi da kansa, aka ce an rufe karɓar fom. Yarinyar sai da ta maimaita aji.

Ya sake maganar rufe takarda: a zo da duk mai kula da yaro ko yarinya, uwa ko uba ko wani daga dangi. Hedimasta ya ce ta yi tsawo, ya amsa cewa zai ƙanƙanta rubutun. Bai iya ba malamar lissafi haƙuri da baki ba, sai dai ya riƙa kauce wa hanyar ajinta har ƙarshen zango.

Da shekara ta zagayo yarinyar ta ci jarrabawar. Uwar ta zo godiya, ya ce a gaya mata yana da aiki, ya zauna bayan ƙofa yana jin muryarta tana sa masa albarka.

Yanzu ya yi ritaya, amma harshe bai gama horuwa ba. Kwanan baya surukinsa ya zo yana kukan an sallame shi daga aiki, tsohon ya fara cewa ya daina raki kamar... sai ya yi shiru. Matarsa, da ke ninke kaya a gefe, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Ƙarasa mana, malam," ta ce. "Shekara arba'in muna ji."

Ya tashi ya ce bari ya duba ko an kawo ruwan famfo.