Raƙumin Baffa Isiyaku

Ranar wata Asabar ce cikin bazara, shekarar da nake aji huɗu a firamare, aka kawo wuta da rana tsaka a unguwarmu ta gindin dutse a Kazaure. Ina zaune a ƙofar ɗakin Kaka ina ɗaure kayana cikin wani tsohon zani, in kwance, in sake ɗaurewa, sai na ji rediyon maƙwabta ya kama da kansa. Kafin yara su gama ihu, Baffa Isiyaku, ƙanen mahaifina, ya fito da takalmi ƙafa ɗaya yana cewa, "Balki, ajiye tsummokaran nan ki zo, kafin su tuna su ɗauke." Na tashi ba don raina yana so ba. A makon nan babu abin da raina yake so. Saura 'yan kwanaki Goggo Hajara ta zo daga Gwiwa ta tafi da ni riƙo, kuma ni da bakina na ce zan bi ta.

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, kuma gidanmu gida ne da ake riƙe da kunyar ɗan fari kamar farilla. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin Kaka. Mahaifiyata ko Umma ba na ce mata, Adda nake kiranta kamar yadda na taso na ji ƙannenta suna yi. Ba ta taɓa faɗin sunana ba. In za ta aike ni kai niƙa sai ta dubi bango ta ce, "A ce wa waccan ta zo." Ƙannena kuwa tana goya su, tana yi musu kitso a kan cinyarta, har ƙanzo take ɓoye musu. Manya sun san al'ada ce, amma wa zai zaunar da yarinya ya yi mata bayani? Ni abin da idona ya gani shi na ɗauka: matar nan ba ta ƙaunata. Wannan tunani ya hana ni zama wuri ɗaya. In an aike ni rijiya sai a tsince ni a kan dutse ina jifan ƙadangaru, in ana gaɗa da yamma ni ce mai ɓata wasa, carafke kuwa ba a gamawa ban watsar da duwatsun ba. Kaka takan ce, "Ke dai kamar an zuba miki barkono a ƙafa."

Abin da ya kai ni bango shi ne ranar da na zo ta ɗaya a aji, aka ba ni kyautar bokitin roba shuɗi da littattafan rubutu a ciki. Da gudu na taho tun daga makaranta, ban tsaya ko'ina ba sai gaban Adda. Tana sheƙar gero a ƙofar madafi. Na ɗaga mata bokitin har saitin fuskarta. Ko kallona ba ta yi ba, ta ce, "An samu na ɗibar ruwa." Baffa ne ya ja ni tsakar gida, ya juya ni na ba madafin baya, ya ɗauke ni hoto ina rungume da bokiti, bakina a tunzure. A yammacin ranar na gaya wa Kaka cewa in Goggo tana son 'yar riƙo har yanzu, ga ni.

Baffa Isiyaku ma'aikacin ofishin safiyo ne, hoto ba sana'arsa ba ce, ciwo ne kawai ya kama shi. Wani mai hoto da zai rufe shagonsa a Kano ya sayar masa da injin faɗaɗa hoto, ya ɗauko shi a mota naɗe da bargo kamar marar lafiya. Wani abu ne mai doguwar sandar ƙarfe a tsaye kan faffaɗan katako, da kai baƙi mai ƙwan lantarki a ciki, da ido guda a ƙasa yana kallon katakon. Ana murɗa wani maɗauri kan ya hau ko ya sauka. Kaka na ganinsa ta sa masa suna Raƙumi, sunan kuwa ya bi shi. Tsohon ɗakin ajiyar buhuna Baffa ya share masa, ya toshe taga da kwali, ya cusa tsumma a kowace kafa, ya rataya bargo biyu a ƙofa, ya shafa wa wani ƙwai jan fenti. Dokar ɗakin guda ce: in an rufe, ko gobara ake yi ba mai ɗaga bargo. Mutanen gida suna masa dariya, suna cewa mutum da iliminsa ya shige duhu da rana yana wanka da gumi.

Ranar nan ya ce hoton bokitina zai wanke mini in tafi da shi Gwiwa. Ɗakin ya yi zafi kamar tanderu, ga warin ruwan maganin wanke hoto mai hawa kai. Faranti uku ya jera, ya ɗora na farko a cikin kwanon ruwan randa don kada zafi ya lalata maganin. Ya zura fim ɗin a wuyan Raƙumi ya kunna, sai ga tsakar gidanmu ta sauko kan katako a juye: fuskata fara fat, bokitina da bango duk sun canja, kamar gidan aljanu. Na kasa tsayuwa, ina taka wannan ƙafa ina ɗaga waccan, ina ɗokin a gama in fita. Can sai idona ya faɗa kan wani ɗan abu a kusurwa, bayan kafaɗata, bai fi ƙwayar wake ba. Na ce, "Baffa, mene ne wannan?" Ya sunkuya ya daɗe yana dubawa. Sai ya kama maɗaurin ya fara murɗawa.

Kan Raƙumi ya yi ta hawa har ƙarshen sandar. Ni da bokitina muka kumbura muka fice daga katakon, ƙwayar waken nan ta dawo tsakiya tana girma. Ya daidaita idon, ya kashe, ya shimfiɗa farar takarda, ya sake kunnawa. Da ma in kan ya yi nisa hasken yakan raunana, dole a daɗe ana jira, ga shi wutar ta fara rawa, ƙwan yana ja yana dawowa. Na ji Baffa yana ƙirge a ƙasan maƙoshi, yana haɗawa da salati. Wutar dai ta daure. Ya ɗauki takardar ya tsoma a faranti na farko, ya ce in riƙa girgiza shi a hankali. Ni da ban san a hankali ba, ranar na koya.

Da fari babu komai. Sai ƙofar madafi ta fito, sai ɗankwali, sai fuska. Hoton ya yi tsaki-tsaki saboda faɗaɗawa, amma ko a cikin mata dubu zan gane ta. Adda ce, ta yi ɗage a kan yatsun ƙafa tana leƙen bayana, bakinta a buɗe da wata dariya da ban taɓa gani ba, har wushiryarta a waje. Faifan da ke hannunta ya karkace, gero yana zuba ƙasa, kaji sun taru a ƙafarta suna biki, ita ba ta ma sani ba. Matar da in ƙwaya ɗaya ta faɗi sai ta sunkuya ta tsince! Baffa ya mayar da takardar faranti na biyu da na uku, sannan ya ce, "Kin ga abin da ake yi in kin juya baya." Na yi kuka a ɗakin nan har majina, kuka mai haɗe da haushi, don na ga an daɗe ana cutata da abin da yake nawa.

Da la'asar aka shanya hoton a igiya tare da wanki. Adda ta zo kwashe zannuwa ta yi kiciɓis da kanta. Ta tsaya cak, ta ja mayafi ta rufe baki, ta ce, "Isiyaku, kai dai ba ka da aikin yi." Ba ta yaga hoton ba, ba ta kuma sake bi ta wajen ba sai da aka ɗauke. Ranar da Goggo ta iso a bayan babur, na riga na kwance ƙullina na mayar da kayan ƙarƙashin gadon Kaka. Na durƙusa na ce na fasa. Goggo ta yi faɗa a kan wahalar hanya, Kaka ta ba ta haƙuri. Adda tana madafi tana ta aikinta. Bayan magariba sai ga ƙanena da kwano a rufe, wai an ce ya kai wa waccan. Ƙanzo ne, an jiƙa shi da mai da ƙuli.

Yanzu Raƙumi yana can a ɗakin buhuna ya yi tsatsa, tun da takarda da magani suka gagara samuwa, Baffa ma idonsa ya yi rauni. 'Yar farina sunanta nake kira gatsal a gaban kowa, in rungume ta, tsofaffi suna taɓe baki. Hoto kuwa ya zama banza, yatsa biyu za ka sa a fuskar waya ka faɗaɗa abin da ka ga dama, ba gumi ba jiran wuta. Duk da haka har yau in an miƙo mini hoto, ba tsakiya nake fara duba ba, kusurwa nake bi ina neman wanda ya ɗauka ba a ganinsa. Adda ta koma ga Mahaliccinta ba ta taɓa kiran sunana ba. Ni ma tun daga ranar Asabar ɗin nan ban sake jiran ta kira ba.