Shirun da Na Yanke a Kaset ɗin Alhaji Mamman

Ko da tsufa ya zo ya kwashe mini tunani, ba na jin zan manta da wata Alhamis ta damina da Alhaji Mamman ya shigo shagonmu na Arras, a unguwar Treichville ta Abijan, rungume da gwangwanin biskit. Lokacin ni ne babba a ɓangaren juyar sauti, daga ni sai maigidanmu Malam Ilu, kuma kaina ya fi gwangwanin nan girma.

Ga wanda bai san aikin ba, mutane kan kawo mana tsofaffin kaset, na wa'azi, na biki, ko na muryar iyaye da aka aiko daga Maraɗi zamanin da ake aika gaisuwa a kaset. Mu juye su cikin kwamfuta, mu zuba a kile, ɗan ƙaramin abin ajiye sautin nan da ake soka wa rediyo. Kafin mu zuba sai mun yi abin da muke kira wanki. A kashe shuuu ɗin da tsohon kaset ke yi, a ɗaga sauti har ƙarshe, duk inda aka yi shiru a yanke. Mutumin Abijan cikin gbaka, ƙaramar bas ta haya, yake sauraron abinsa, ga ihun yaran mota, ga hon. Ka bar masa shiru na daƙiƙa biyar, gobe zai dawo ya ce kilensa ya lalace.

Alhaji Mamman mutumin Damagaram ne, kayan gyaran mota yake sayarwa a Bracodi tun ban iya ɗaura wando ba. Abin da ban sani ba sai ranar, ashe da ƙuruciyarsa ya yi karatun injiniya a ƙasar Poland, wadda mu a nan muke ce wa Polon. Can ya kamu da son kiɗan okestira, inda mutane da yawa ke zama da goge manya da ƙanana, da kayan busa, da ganguna, ba mai rera komai. Yana cikin wani zaure na intanet inda masu son kiɗan Polon da ba a san shi sosai ba suke musayar tsofaffin sautuka, suna gardama a kansu kamar 'yan ƙwallo.

Ya buɗe gwangwanin. Kaset ɗaya ne a ciki, naɗe cikin hula.

"Habibu, wannan daga rediyo na ɗauke shi ina ɗalibi," ya ce. "Na ambace shi a zaure, sai wuri ya kacame. Sun ce an nemi wannan kiɗa an rasa, babu wanda ke da shi. Akwai wata tsohuwar malamar makaranta, Madam Halina. Mahaifinta ne ya busa sarewa a ciki, ya rasu tana goye. Ba ta taɓa jin busarsa ba. Na yi mata alkawari."

"Baba, ka kwantar da hankalinka," na ce. "Jibi ka zo ka ji aikin gwani."

Na soka kaset, na ɗora abin ji a kunne na minti biyu. Na ji rugugi kamar hadari ya taso, ba waƙa ba amshi. Na ce lallai Baba da ƙarfin hali yake, na ajiye, na tsallaka titi cin garba, dambun rogo da soyayyen kifi, na bar inji yana aikinsa. Da na dawo ban saurara ba, da ido na yi aikin, kamar yadda muka saba. A fuskar kwamfuta sauti mai ƙarfi yakan fito da kauri, mara ƙarfi ya fito siriri. Can tsakiya na ga wani wuri ya tsuke kamar zare, wajen minti huɗu. Na ce nan kaset ya mutu, na datse shi, na haɗa bakin da bakin. Na ɗaga sauran sauti. Ɗanyen da na fara juyewa kuwa na goge shi, don kwamfutar ta cika da bidiyon biki.

Ran Asabar da hantsi Alhaji ya zo cikin babbar riga, har da turare. Na kunna masa a manyan lasifika ina ta hura hanci. Ya rufe ido, yatsansa yana yawo a iska. Gangunan suka yi ƙasa, suka yi ƙasa, yatsan ya tsaya cak yana jira, sai kawai kiɗa ya sake ɓarkewa. Ya buɗe ido.

"Ina sarewar?"

"Wace sarewa, Baba? Nan wurin babu komai, shiru ne."

"Ɗana, wurin nan shi ne mahaifin matar."

Bai ɗaga murya ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Malam Ilu ya taso ya tambaye ni ɗanyen. Na ce na goge. Ya buɗe bakin injin ya shafa da yatsa, yatsan ya fito da jan gari. Kaset ɗin da ya tsufa haka yake, duk juyi ɗaya sai ya zubar da fatar da sautin ke kwance a kanta.

"Alhaji, yako," Malam Ilu ya ce, kalmar jajen mutanen nan. "Zai iya ɗaukar juyi ɗaya. Na biyu ban yi maka alkawari ba." Ya juyo gare ni. "Kai ka ɓata, kai za ka gyara. Amma ba da wannan inji ba."

Muna da wani tsohon inji mai taushin ja, sai dai robarsa ta saki. Ni da Alhaji muka shiga woro-woro, tasin haɗaka, sai kasuwar Adjamé. A hanya, maimakon ya yi mini faɗa, sai ya shiga koya mini kiɗan. Ya ce kiɗan nan hawa uku ne, kuma mai tsara shi da gangan yake kwantar da makaɗa duka don a ji mutum ɗaya. Yana bayani yana buga gwiwarsa, har matar da ke gefenmu ta ce da Faransanci, tsohon nan lafiya kuwa? Muka zaga rumfunan masu gyaran rediyo cikin taɓo, rumfa ta shida muka samu robar a jikin wani mataccen inji. Alhaji ya ɗaga ta sama yana dariya kamar an ba shi kujerar Makka.

Ran Litinin na yi aikin da ya kamata in yi tun farko. Na kwance ƙusoshin kaset ɗin, na ɗauke zaren a hankali na mayar da shi sabon gida. Na juya shi da biro daga farko har ƙarshe don ya saki jiki. Na wanke bakin inji da alkol, wato sifirit. Muka ɗora komai a kan batir saboda kada a ɗauke wuta ana tsakiyar juyi. Duk wani maɓallin wanki na kashe shi. Malam Ilu ya ja ƙofa rabi, tela maƙwabcinmu ya tsayar da kekensa ya leƙo, mai alloko, wadda ke soya ayaba a bakin titi, ita ma ta zo ta tsaya da cokalinta a hannu. Na yi bisimilla na danna.

Idona yana kan zaren, kunnena yana kan lasifika. Kiɗa ya hau, ya sauko, ya yi ƙasa har na ce shi ke nan fatar ta zube. Sai ga ta. Wata 'yar siririyar busa ta fito daga ƙarƙashin shuuu ɗin, ita kaɗai, tana tafiya a hankali. Ni da na yi wa kiɗan dariya, na samu kaina ina riƙe numfashi. Alhaji ya damƙe mini kafaɗa har sai da na ji zafi. Da kaset ya kai ƙarshe ya yi ƙas, mai alloko ce ta fara tafi, duk muka bi ta. Zaren bai tsinke ba, amma bakin injin ya yi ja wur.

Alhaji ya aika shi zauren yadda yake, ba wanki. Mako guda yana zuwa kullum bayan la'asar yana karanta mana abin da ake cewa, yana fassarawa. Wani ya rantse ya gane mai jagorantar makaɗan daga yadda yake gaggawa a hawa na uku, wani ya ce ƙarya ne. Wani tsoho ya ce injinmu ya ɗan yi sauri. Nan fa na tashi, na ce Baba rubuta masa, rediyonka na ɗalibta ne ya jawo saurin, ba injina ba. Aka yi kwana biyu ana wannan gardama, daga ƙarshe suka ba ni gaskiya. Ni Habibu na Treichville, da sunana a bakin mutanen Polon.

Madam Halina ce kaɗai ba ta ce komai ba, abin ya dame mu. Sai rana ta takwas saƙon muryarta ya iso. Alhaji ya saurara sau biyu kafin ya iya fassarawa. Ta ce busar ta yi mata daɗi, amma ba ita take ta maimaitawa ba. Daf da sarewar za ta shigo, akwai inda ake jin mai busar ya ja numfashi. Ta ce shekarunta sun haura na mahaifinta nesa ba kusa ba, sai yanzu ta ji shi yana numfashi.

Na koma na nemo wurin. Yana nan, bai kai daƙiƙa ɗaya ba, a cikin shuuu ɗin da nake alfahari da iya kashewa. Ko da ban yanke minti huɗun nan ba, wankina kaɗai ya isa ya share shi.

Shi ya sa, ku yaran shago, nake takura muku, ku saurari kaset daga farko har ƙarshe kafin ku taɓa maɓalli, ku ajiye ɗanyensa ko kwamfuta za ta fashe. Mu masu inji ne kawai. Mai kaset ne ya san wanda ke ciki, kuma sau da yawa mutumin ya riga ya bar duniya, ba za a sake kiransa ya maimaita ba.