Mai Fenti da Allunan Ƙaramar Hukuma

Mai Fenti kowa yake ce masa, har matarsa idan ya ɓata mata rai. Shagonsa yana ƙarƙashin wani tsohon bene a bakin babban titi, tsakanin mai faci da mai gyaran agogo. Ɗaki ne da ba ya cin mutum uku a zaune, gwangwanaye sun cika ƙasa, burushi a jiƙe cikin kananzir, bango kuwa babu launin da bai ɗanɗana ba. Karatunsa bai yi nisa ba, amma Allah ya ba shi hannu. Idan ya ja harafi sai ka rantse inji ne ya buga.

Shekara goma sha takwas ya yi yana rubuta wa ƙaramar hukuma alluna. Duk aikin da za a ƙaddamar, ko titi ne ko aji ko rumfunan kasuwa, sai an kafa allo, kuma daga shagonsa allon yake fita. Sakataren ayyuka ne yake kawo takarda, wani mutum mai tumbi da yawan dariya, shi kuma ya kwafa: sunan aiki, sunan ɗan kwangila, sunan ciyaman, sai a ƙasa da jan fenti, DA HARAJINKU AKA YI. Ciyaman biyar suka zo suka wuce a kan idonsa. Yakan ce wa mai faci, "Su suna sauka, ni ina nan. Fari kawai nake shafawa in ɗora sabon suna."

Da waɗannan allunan ya yi wa gidansa rufin kwano, ya kai 'ya'yansa uku makaranta. Bai taɓa tambayar inda ake kai su ba. Motar hukuma ta zo ta ɗauka, shi ke nan.

Wata shekara bayan zaɓe sakatare ya kawo takardar aikin magudanar ruwa. Da ya duba sai ya ga layin gidansu ne. Da murnarsa ya rubuta, har ya ƙara wa allon ado a gefe. Da ya kai wa matarsa albishir sai ta ce, "To Baban yara, Allah ya sa mu gani a ƙasa."

Aka kafa allo a bakin layi, aka juye yashi mota biyu, aka haƙa rami tsawon gida huɗu. Daga nan ba a sake ganin ma'aikata ba. Damina ta sauka, ramin ya cika ya tumbatsa, ruwa ya bi gidaje. Katangar yayarsa, wadda mijinta ya rasu kuma take maƙwabtaka da shi, ta zube a ruwa na uku. Ta kwaso kayanta da keken ɗinkinta ta dawo ɗakin 'ya'yansa.

Bayan ɗaukewar ruwa sakatare ya shigo shago yana fifita da fayil. Ya ce masu duba ayyuka daga jiha suna tafe, ana so a ƙara wa allon magudanar nan kalma biyu: AN KAMMALA.

"Ranka ya daɗe, layinmu ne fa."

"To sai me? Hoto kawai za a ɗauka, ba wanda zai taka ya je."

"Ni zan je. Ta nan nake wucewa safe da yamma. Kuma duk layin sun san hannuna."

Sakatare ya ƙyalƙyale da dariya. "Haba Mai Fenti! Yau ka fara? Irin wannan na nawa ka rubuta mana?"

Shi kansa bai san adadinsu ba. Ya dai miƙa masa takardarsa ya ce a nemi wani.

Ba a yi sati biyu ba masu karɓar haraji suka zo su huɗu. Suka ce allon da ke saman ƙofarsa talla ne, yana da nasa harajin, kuma shagon ma ba shago ba ne, masana'anta ce. Suka garƙame ƙofar da kwaɗo. Allon layinsu kuwa, wani mai injin buga fosta aka ba, ya buga kalmomin a leda aka manna.

A gida matarsa ba ta ce ya yi laifi ba, ba ta kuma yaba ba. Yayarsa ce ta ɗago kai daga ɗinki ta ce, "Ƙanena, sai da ruwa ya shigo maka ka iya karatu?"

Kwana tara shagon ya yi a rufe, shi kuma bai saba da zama ba. Sai ya riƙa shiga bas yana bin unguwannin da ya tuna sunansu a takardun sakatare. Birnin da aka haife shi, ashe ko rabinsa bai sani ba. Ya ga allon asibiti a gaban fili inda manyan motoci suke kwana. Ya ga aji babu rufi, ciyawa har gwiwa. A wani wuri ma wani ya cire allon ya yi ƙyauren banɗaki da shi. Duk inda ya tsaya, tun daga nesa yake gane haruffansa, ko tsatsa ba ta ɓata su ba.

A rana ta bakwai ya sauka a wata unguwa can bayan gari, ya tarar da rijiyar burtsatse tana aiki, allonsa a kafe a gefenta, mata sun jera bokitai ana ta cacar baki kan layi. Ya zauna a kan dakali ya daɗe yana kallo. Wata tsohuwa ta ɗauka ƙishi yake ji, ta miƙo masa ruwa a kofi. Ya sha, ya yi godiya.

Da kyar da roƙon maƙwabta aka buɗe masa shagon. Aikin hukuma bai sake dawowa ba, kuma gidan ya ji a jikinsa. Yanzu sunayen shaguna yake rubutawa da bayan motocin haya. Sai dai ya ɗauki wata ɗabi'a da take ba masu kawo aiki haushi: idan ka ce ya rubuta maka "Ƙwararren Mai Gyaran Firji", sai ya ɗauki hularsa ya ce, "Mu je in ga shagon tukuna."