Katin Yayansa

Wata rana, ranar da zafi ya hana kowa sukuni, na je asibitin ido a canza mini tabarau.

Layi har bakin ƙofa. Wai gwamnati ta yi alkawarin tallafi ga likitocin idon da suka mayar da bayanan majinyata cikin kwamfuta, kuma wa'adi ya kusa cika. Sai kowa ya rikice. Wannan na kwashe tsofaffin katuna yana bugawa, wancan na zagin netwok.

Ni kuwa ba ni da haƙuri, kun sani. Na zauna, na tashi, na leƙa, na yi tsaki.

Kusa da ni akwai wani dattijo, direban tirela, sai murza ido yake yi. Ya ce kwanan nan in mota ta ɓullo masa ta dama, ba ya ganinta sai ta zo daf da shi. Jibi kuma yana da lodi zuwa Legas.

Na nuna masa layin sababbin zuwa, na ce Allah ya taimake shi da ba ya ciki.

Ya yi dariya. Ya ce ai shi ya fi ƙarfin wannan layin.

Aka shigar da mu tare, ni ina benci ina jiran a gama da shi.

Likitar ta buga lambar katinsa, tana karantawa da sauri. Zuwansa na baya duk maganin ƙaiƙayi aka ba shi, domin kwamfuta ta nuna an taɓa yi masa gwajin hawan jinin ido, lafiya lau.

Har ta fara rubuta masa wani maganin, sai ta dakata. Ta ɗago, ta haska idonsa da fitila.

"Baba, nan an rubuta an yi maka aikin cire yanar ido a na hagu. Ban ga alamar aiki ba."

"Ni? Wuƙa ba ta taɓa idona ba, Likita."

"To katin wane ne wannan?"

Ya sunkuyar da kai.

"Na yayana ne. Layin buɗe sabo ya yi tsawo, ni kuma kullum ina hanya. Ai uwa ɗaya uba ɗaya muke."



Ashe duk tsawon lokacin nan idon yayansa ake dubawa a kwamfuta, nasa na can yana mutuwa a hankali.

Ta yi masa gwajin hawan jinin idon nan take. Ta duba sakamakon, ta ce:

"Baba, na dama ya riga ya tafi, ba ya dawowa. Amma za mu yi ƙoƙari a kan na hagu."

Ya riƙe hularsa da hannu biyu.

"'Yata, lodin jibi fa?"

Ta girgiza kai.

Na fito ban ma tsaya karɓar tabarau ba. Har yanzu in na tuna, raina ɓaci yake yi.

Darasi: Kwamfuta abin da aka ba ta shi take faɗa. Ka ari riga, ka ari mota, amma kada ka ari katin asibiti, ko na wanda kuka sha nono ɗaya ne. Likitoci kuma, don Allah ku riƙa ɗagowa kuna kallon wanda ke gabanku.

Tura wa ɗan gidanku da kuka san yana wannan dabarar, tun idonsa na gani ya karanta.