Ranar da na ce wa Kaka dare ya yi

Shekaranjiya na bi ta unguwar Brickfields a nan Kuala Lumpur, na wuce ta bayan wani gidan Indiyawa inda ake tafasa ganyen darbejiya. Ɗacin tururin ya shiga hancina, sai na tsaya cak a gefen titi, mutane suna ta kewaye ni. Tun daga lokacin zuciyata ba ta kwanta ba, shi ya sa na zauna rubuta wannan. Ban yi karatu mai zurfi ba, mai karatu, don haka yadda abin ya faru kawai zan faɗa maka, har da wuraren da na yi laifi, kuma suna da yawa.

Wata gidauniyar taimako ta Larabawa ce ta ɗauki nauyin karatun Abbanmu a Kuala Lumpur. Yawanci 'ya'yan Larabawa take ɗauka, amma shi ya yi Larabci mai kyau tun a Kano, sai Allah ya ba shi rabo. Muna zaune a unguwar Cheras, hawa na goma sha huɗu, a ɗaya daga cikin wasu benaye uku da suke kama da juna sak, har fentin ƙofofinsu. Gidauniyar ba ta tsaya kan iyaye ba. Kowace Asabar akan tara mu yara a Bukit Bintang, a saman wani gidan abinci na Larabawa, ƙamshin gasasshen nama yana hawowa ta tsani, ana koya mana Larabci da zane da waƙoƙin yara. Malamarmu 'yar Sham ce, mai sanyin murya. A shekarar da na cika goma ta zo da wata ƙaramar rakoda. Ta ce gidauniya ba ta son yaron da ya tashi a baƙon wuri ya rasa muryar kakanninsa, don haka kowa zai riƙe rakodar mako guda, ya ɗauko tatsuniya daga bakin wani babba a gidansu.

Makona ya faɗo daidai lokacin da Kaka, mahaifiyar Umma, ta zo daga gida don wankan jego, Umma ta haifi ƙanena. Yanar ido ta rufe idanun Kaka, haske da duhu kawai take bambancewa. Kowace safiya ni nake riƙe hannunta mu sauka, mu je gindin wata darbejiya da ke bayan benayen, ta tsinko ganyen da za a tafasa wa Umma. Bambancin lokaci tsakanin nan da gida ya rikita mata barci, ga tagogi kullum a rufe, kiran salla ba ya shigowa sosai. Sai ya zama ni ce agogonta. Da ta farka za ta ce, "Baturiyar gidan nan, wane lokaci muke?" Baturiya take ce mini saboda in ta yi mini Hausa, da Turanci ko yaren Malay nake amsawa. In ta ce in zo in ci tuwo, sai in ce, "Na riga na makan, lah," wato na riga na ci, da yaren Malay. Ta ce, "Makanta dai tana wurina, ke ki zo ki ci abinci."

Kwana shida na yi ina ɗaukar muryata ina rera waƙoƙin talabijin. Sai ranar ƙarshe hankalina ya tashi, don mahaifin yaron da ke biye da ni zai zo karɓar rakodar bayan la'asar. Da hantsi na roƙi Kaka. Ta ce a'a, ba a tatsuniya da rana, wanda duk ya yi sai ya ɓata. Na yi kuka, na buga ƙafa. Ta ce ko zan fasa benen nan, sai rana ta faɗi.

Bayan azahar Abba ya kai Umma da jariri asibiti allura. Kaka ta kwanta. Lokacin damina ne, in ka san garin nan ka san yadda hadari yake haɗuwa da rana tsaka, gari ya yi baƙi ƙirin har motoci su kunna fitila. Na ja labule duka, na kunna ƙwan falo. Tsawa ta tashe ta.

"Baturiya, wane lokaci muke?"

Na ce, "Dare ne, Kaka. An yi isha."

"Innalillahi! La'asar da magariba da isha duk sun wuce ni, kina zaune kina kallona?"

Na kai ta ta yi alwala, na shimfiɗa mata darduma. Ina tsaye da rakoda a bayana, ina kallon tsohuwar nan tana jero salloli uku da lokacinsu bai yi ba, gwiwoyinta suna ƙara duk sanda ta tashi. Wallahi abin da yake raina kawai shi ne ta yi sauri.

Da ta shafa addu'a ta jingina da bango, na kunna rakodar, ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Labarin wata mata ne da ta je ɗiban ruwa, ta manta inuwarta a bakin rijiya, inuwar ta tashi ta riga ta komawa gida. Ban taɓa jin muryar Kaka haka ba, ta yi ƙasa, ta yi taushi. Tana tsakiyar labarin ruwa ya ɗauke ɗif, kamar yadda yake yi a nan. Ashe ban rufe tagar kicin ba. Ta nan kiran salla ya shigo daga ƙaramin masallacin unguwa, tar, babu abin da ya tare shi.

Kaka ta yi shiru har ladan ya gama. Ta juyo da fararen idanunta saitin inda nake.

"Wannan wace salla ce?"

Na kashe rakodar.

Ta ce, "To. Ni na faɗa, ke ji kawai kika yi. Allah ya sa a kaina ta tsaya." Ta lalubi darduma ta sake tayar da la'asar. Ba ta ƙarasa labarin ba, ba ta kuma gaya wa kowa ba.

Da ta zage ni, da ya fi mini sauƙi. Kwana uku ina riƙe hannunta ina jin kamar garwashi na riƙe. A safiya ta huɗu na kai ta gindin darbejiya, na ce, "Ina zuwa, Kaka." Na tafi kedai, wato kantin unguwa, na sayi ƙanƙara mai zaƙi, na tsaya kallon talabijin a shagon shayin mamak, wato na Indiyawa Musulmi, tare da ƙawayena. Da na dawo, ledar ganyen tana nan a cike, an ƙulle bakinta, an ajiye a kan saiwa. Kaka ba ta nan.

Ga laifina na uku. Ban hau na faɗa ba. Na shiga tsanin bene na ɓuya, ina jin Abba yana kiran mu a ƙasa, ina jin maƙwabta suna taya shi. Sun ɗauka tare muka ɓata. Tun hantsi har gab da la'asar ina nan a tsugune, tsohuwa makauniya da ba ta jin yaren kowa tana wani wuri, ni kuwa tsoron duka ya fi mini ita.

Wata mai shara ce ta gan ta, a bene na uku, hawa na goma sha huɗu, zaune a bakin ƙofa mai lamba irin tamu, gidan da ba kowa a ciki. Na ji mai gadi yana faɗa, na ruga, na riga Abba isa da kaɗan. Ya iso yana haki, ya yo kaina.

Kaka ta ce, "Kada ka taɓa ta. Tun safe tana tare da ni. Ita ta kawo ni nan, ta ce in zauna a jira a buɗe, ta zauna kusa da ni."

Na ɗauka rufa mini asiri take yi, har na fara jin sanyi a raina. Sai a cikin lif, hannunta a nawa, ta sunkuyo ta ce a hankali, "Baturiya, ashe kin iya Hausa haka kike ɓoyewa? Amma ɗazu me ya sa hannunki ya yi sanyi kamar randa?"

Da aka yi arba'in ta koma gida. Bayan 'yan shekaru aka bugo mana waya ta rasu. Ban taɓa neman gafararta ba. Malamarmu kuwa ta yaba da abin da na kawo, ta ce ko da bai ƙare ba, ya fi na kowa.

Yanzu na yi aure a garin nan, ina aiki a wani kantin tufafi. Abba ya koma Kano yana koyarwa. Gidauniyar tana nan tana aikinta na alheri, 'yata ma tana zuwa ajin Asabar. Sun saka muryoyin kakannin nan duka a shafinsu na intanet, ko da rana tsaka mutum ya danna sai ya ji, yaran yanzu ba su ma san akwai lokacin da ba a yin tatsuniya ba. Na tambayi malamai, sun ce maganar ɓata camfi ce, kuma na yarda da su. Ƙaryar da na yi ce ba camfi ba.

Bara na kira Abba na faɗa masa komai. Ya ce ya sani. A ranar masu gadi sun nuna masa hoton bidiyon cikin lif na bene na ukun. Kaka ita kaɗai ta shiga. Hannunta na dama a miƙe ƙasa, yatsunta a dunƙule kamar ta riƙe na yaro, kanta a sunkuye gefe tana magana, tana dariya har tana share ido da mayafi.

Na ce, "Abba, me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba?"

Ya ce, "Shekararki goma. Ki yi mata addu'a kawai."

Ina yi, kowace salla. Amma tunda na ce zan faɗi gaskiya, bari in ƙarasa. Ba abin da ya riƙe hannunta ne yake hana ni sukuni ba, ko ma mene ne shi. Ya zauna da ita yini guda, ya yi mata hira da harshenta, bai gaji ba, bai ce yana zuwa ba. Kwana arba'in da wani abu Kaka ta yi a gidanmu, ni jikarta ban taɓa sa ta dariya irin wannan ba.