Ranar da Inna Ta Ce a Kashe Mota

Shekarun baya, zamanin da soja ke mulki kuma kuɗin mai ya sa kowane ɗan kasuwa a Sakkwato yana mafarkin mota, maigidana ya sayi tasa. Fara ce, ta hannu, ya same ta wurin wani ma'aikaci da aka yi wa canjin wurin aiki. Shi yadi da atamfa yake sayarwa a kasuwa, ni kuma ina koyarwa a firamare, ba mu daɗe da aure ba.

Mutumin nan, Allah Ya jiƙansa, yana da wata ɗabi'a da ta kusa sa mini hawan jini tun ina da ƙuruciyata. Ba ya gaisawa da mutum mota na kunne. In ya hango wanda ya girme shi, sai ya gangara gefen hanya, ya murɗa makulli ya kashe ta, ya fita, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. In sa'ansa ne ba zai fita ba, amma sai ya kashe ta tukuna. Cewa yake yi gaisuwa inji na ƙugi daidai take da ka ce wa mutum ya yi sauri ya gama. To kun dai san gaisuwarmu. A tambayi gida, a tambayi gajiya, a tambayi zafi, a koma a sake tambayar gida ko wani abu ya canza. Ni kuwa ina ciki kujera tana gasa mini baya. Mai jaki ya sha wuce mu, ya je inda za shi, ya dawo ya tarar da mu.

Ana nan sai batir ya fara rauni. Sabo kuma ya yi wuya a lokacin, ana ta cewa kaya sun maƙale a tashar jiragen ruwa can kudu. Ya zama duk sanda ya kashe ta sai an tura. Kuna tsammanin ya daina? Ko kusa. Har mutanen unguwa suka saba, da sun ga ya tsaya gaisuwa sai su fara naɗe hannun riga.

A shekarar ne ƙannen mahaifiyata, waɗanda ke fataucin shanu, suka biya mata kujerar Makka. Inna muke ce mata. Tun ina yarinya nake jin tana zancen Madina kamar wadda ta bar ɗaki a can. Ta shirya tun watanni kafin lokaci. Ta yi dambun nama, ta daka garin kunu, ta je Hubbare ziyara, ta bi dangi gida gida tana neman gafara, har waɗanda ba ta taɓa yi wa komai ba.

Ya kamata in gaya muku yadda muke da ita. Ni ce ɗiyarta ta fari, kuma Inna mutuniyar da ce, mai kunya ta gaske. A hannun goggona na tashi. Tunda nake ban taɓa jin ta kira sunana ba. In tana son magana da ni sai ta ce “ke”, in kuma da mutane a wurin ta ce “waccan”. Ba ta zama ta yi hira da ni, ba ta yabona, ko ciwo nake yi sai dai ta aiko a tambaya. Na san ba ƙi ba ne, haka aka yi ta, haka uwayenta suka yi mata. Amma sanin bai hana ni jin kishin ƙannena ba in na ga suna kwance a jikinta tana yi musu tsifa.

A lokacin a rediyo ake kiran maniyyata. Jirage suka yi ta tashi ba a kira ƙungiyarsu ba, har aka fara cewa saura kaɗan a rufe jigila. Wata safiya sai ga sanarwa, su hallara a sansanin alhazai kafin azahar. Kowa ya san wanda aka kira bai zo ba, wani za a saka a gurbinsa, shi kuma sai dai baɗi in da rai. Maigidana ne mai mota a dangi, don haka shi zai kai ta.

Da ƙyar aka tayar da motar a ƙofar gidanmu. Kafin mu isa gidan Inna a Ƙofar Marke na ce masa, “Malam, yau dai don girman Allah, ko wa ka gani, ɗaga hannu ya isa. Bakanike da bakinsa ya ce kada ka kashe ta.”

Ya ce, “To.”

Na san wannan “to” ɗin, don haka ban saki jiki ba.

A ƙofar gidan Inna bai kashe ba, ƙafarsa na kan totur har aka gama loda kaya. Na ce a raina yau an yi abin kai. Inna ta shiga baya, ni ina gaba. Shi kuwa don kunyar suruka sai ya karkatar da madubin tsakiya gefe, kada idonsu ya haɗu. Rana ta riga ta yi sama.

Abin da na manta shi ne hanyarmu ta Ƙofar Taramniya za ta bi. A nan ubangidansa yake, tsohon da ya ɗauke shi tun yana ɗaukar ɗaurin yadi a ka, ya koya masa kasuwa, ya tsaya masa a aurenmu. Idonsa ya riga ya tafi, kullum yana zaune kan buzu a bakin zaurensa. Ba ya gani, amma ya san ƙarar motar nan kamar yadda ya san tarin matarsa.

Muna shan kwana na hango shi. Maigidana ya rage gudu. Na yi gyaran murya. Ya ƙara ragewa. Na sake gyaran murya, wannan karon har da harara. Ya cije leɓe, ya taka totur, muka wuce a hankali. Na ga tsohon ya ɗago kai, yana bin ƙarar da fuskarsa har muka gota shi. Maigidana ya kafa ido a kan hanya ya ci gaba da tuƙi.

Sai muryar Inna daga baya. “Wancan ba ubangidanka na ba?”

Ya ce, “Shi na, Inna.”

“To mi ya hana ka tsayawa?”

Na yi caraf na amsa a madadinsa. Na ce batir ne, in an kashe ba ta tashi, ga lokaci ya ƙure, in ya dawo zai zo ya ba shi haƙuri. Ba ta ko nuna ta ji ni ba.

Ta ce, “Tsaya. Kashe ta.”

Ya tsaya, amma hannunsa bai kai ga makulli ba. Ya dube ni ta wutsiyar ido.

Ta ce, “Ni da za ni in gaida Ma'aiki, in soma tahiyata da ƙetare tsoho ba gaisuwa? Da wane ido zan tsaya can? Kashe ta, ka tahi ka gaishe shi yadda ka saba. In an rubuta zan tahi, zan tahi.”

Ya murɗa makulli. Ya fita, ya tuɓe takalmi, ya koma da baya a ƙasa.

Shirun da ya biyo baya har yau ina jinsa a kunnena. Injin yana ɗan ƙas-ƙas na hucewa. Can cikin wani gida ana daka. Ni kuwa ina ta lissafin yadda zan dubi kawunnaina in jirgin nan ya tashi ba ita. Haushi ya cika ni, na Malam, na tsohon da bai san ma ana yi ba, har da na Inna.

Sai na ji hannu a ƙeyata. Ɗankwalina ne ya zame, take gyara mini. Ta ɗaure shi, ba ta janye hannun ba. Sannan ta kira sunana. Cikakkensa, yadda aka raɗa shi, a hankali kamar tana gwada ko zai zauna a bakinta.

Na kasa amsawa.

Ta ce, “Ki rage saurin hushi. Mutumin ga na kirki na, ki riƙe shi. Akuyata mai ciki na bar miki, kada ki bari ƙannenki su sai da ta.” Sannan ta ƙara da cewa, “Randa anka haihe ki ruwa aka yi kamar da bakin ƙwarya. Ban taɓa hwaɗa miki ba.”

Shi ke nan abin da ta ce. Ban juya ba, ita ma ba ta so in juya. Muka zauna haka, hannunta a wuyana, ni ina kallon gilashi ban ga komai ba, har muka ji takun Malam yana dawowa. Ta janye hannunta ta gyara mayafi kamar ba a yi ba.

Motar kuwa ta cika alkawarinta, ta ƙi tashi. Tsohon ya sa aka yi kira, mahautan da ke kusa suka aje wuƙaƙe suka zo, da wani tela da awo a wuyansa. Aka tura, ta yi tari ta mutu. Aka sake, haka. Wani ya ce sai an samu gangare, gangaren kuma wajen gulbi ya nufa, baya da inda za mu. Haka aka juya ta, ana turawa muna ƙara nisa da sansani, ni ina salati a fili ina zagin batir a ɓoye. Can ƙasa Malam ya saki kulochi, ta girgiza, ta kama. Ban taɓa jin ƙara mai daɗin wannan ba.

Mun isa ana kiran sunaye da lasifika, an kusa kai ƙarshe. Wani jami'i ya fizgi jakarta, wata mata ta ja hannunta, taro ya haɗiye ta. Ba mu yi sallama ba. Malam yana cikin mota ƙafa a kan totur, ni ina ɗage ina neman farin mayafinta a cikin fararen mayafai. Ta samu jirginta.

Ta yi aikin hajjinta cikakke. A Madina zazzaɓi ya kama ta, kwana kaɗan ta cika, a can aka binne ta. Maƙwabciyarta da suka tafi tare ita ta kawo mana labari da jakarta. Kowa ya ce ta dace, kuma na yarda ta dace. Ni dai na rasa uwa a daidai lokacin da ta fara yi mini magana.

Abin da ya tuno mini da wannan duka, bara ɗiyata ta saya mini mota irin ta yanzu, mai kashe kanta in an tsaya a danja, ta tashi da an ɗaga ƙafa daga birki. Ranar farko da ta yi mini haka na zaci lalacewa ta yi. Da na gane, sai na zauna cikin shirun nan, na baya suna ta yi mini hon. Tun daga ranar na fara son jar danja, ni da na yi rayuwata ina faɗa da jira.

Kwanaki sai ta daina. In tsaya, in jira, tana ta ƙugi abinta. Na kai ta wurin bakanike, ya ce, “Hajiya, ai ba lalacewa ba ce. Kafin ta kashe kanta sai ta duba abubuwa. In batir ya yi rauni ba za ta kashe ba, don ba ta da tabbacin za ta tashi. In zafi ya yi yawa na'urar sanyi na aiki da ƙarfi, ba za ta kashe ba. Haka in inji bai ɗumama ba, ko ba ki ɗaura bel ba, ko ba ki danne birki sosai ba.” Ya auna batir ya ce shi ne, ya fara gajiya, kuma irin nata daban ne da na sauran motoci. Ya ƙara da cewa zai iya kai ni wani lokaci a haka, mutane da yawa ma roƙonsa suke ya kashe musu abin gaba ɗaya don yana damunsu.

Na ce ya sa sabo. Ya dube ni, sannan ya sa.

A hanyar gida na yi ta tunani. Motar yanzu tana da wayo irin nawa na wancan lokaci, ba ta yin shiru sai ta tabbata za ta tashi. Inna ba ta da wannan tabbacin, kujerar da ta jira duk rayuwarta ce a kan layi, ta ce a kashe. Da an bi tawa, da mun isa da wuri, da na yi ta yabon kaina, kuma da ban taɓa jin sunana a bakinta ba.

Yanzu in zafin Sakkwato ya hana motar kashe kanta, ni nake kashe na'urar sanyin da hannuna, in danne birki, in jira. Jikata ta ce, “Hajiya, so kike ki dafa mu?” Na ce ta yi haƙuri, ba daɗewa za a yi ba.

Ƙannena kan ce in gode Allah, ai Inna ta kira sunana sau ɗaya, kuma sau ɗayan ya isa. Ina godiya. Amma su da suka ji nasu safe da yamma ba za su gane ba. Bai isa ba. Na tsufa, na yi jikoki, har yau so nake ta ƙara kira in amsa.