Rijiyar Goggo Asibi

Duk wanda ya saba sauka daga motar Abuja a Madalla ya san Goggo Asibi mai fere lemu a bakin titi. Da wannan sana'a ta riƙe 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta, da ita kuma ta haƙa rijiya a gidanta. Maƙwabta, Musulmi da Kirista, duk nan suke ɗiban ruwa, ba ta taɓa hana kowa zura guga ba.

Ana nan sai ga Kamaluddeen, ɗan wanta, daga Diko tare da matarsa Fauziyya. Sana'arsa tsoma salansar babur da hannayen ƙofa cikin wani ruwan magani, su fito suna ƙyalli kamar madubi. Ya ce 'yan hassada ne suka sa aka tashe shi daga shagonsa.

"Goggo, in ba ke ba, wa gare ni?"

Ta ba su ɗaki, ta ba shi filin bayan gida. Da ta ga ruwan ɗorawar da yake malalawa a ƙasa ta tambaye shi, ya yi dariya.

"Launi ne kawai, Goggo, kamar na rini. Wallahi ba ya komai."

Shekara ba ta zagayo ba hannuwanta suka fara ƙaiƙayi, suka tsattsage. Ta ce tsamin lemu ne. Matan unguwa ma suka shiga kukan ƙuraje da ciwon ciki.

Malama Debora, mai koyar da ilmin sinadarai a wata sakandare cikin Suleja, tsohuwar mai sayen lemunta ce. Wata Asabar ta biyo ta gida, sai ta tsaya cak a bakin kwata, inda Goggo take zubar da ɓawo. Ruwan da ke gangarowa rawaya ne, amma ɓawon da ya kwana ciki ya rine ya zama kore.

"Mama, daga ina wannan ruwan?"

Goggo ta nuna bayan gida. Debora ta leƙa, ta dawo fuska a murtuke.

"Kuromiyam ke cikinsa, sinadarin da ke sa ƙarfe ƙyalli, guba ne. A ɓawon lemu akwai wani tsami dangin sukari. In suka haɗu, kuromiyam ɗin yana ƙona shi ba tare da wuta ba, shi kuma kaifinsa ya ragu, ya koma kore, ya maƙale wa ɓawon. Ɓawonki ya kama kaɗan, sauran ƙasa ta shanye. Ina rijiyarki?"

Debora ta ɗebi ruwan rijiyar a gora, aka auna a Abuja, aka ce kada kowa ya sake sha.

Duk da haka Goggo tana kare ɗan nata, tana cewa rashin sani ya fi dare duhu. Sai da Fauziyya ta zo tana sharar hawaye, ta same ta a madafa.

"Goggo, ki yafe mini. Tun ranar da muka sauka ya hana ni shan ruwan nan, fiya wata muke ɓoyewa a ɗaki. A Diko ma rijiyar mutane ya ɓata suka kore mu."

Goggo ta ajiye ludayi, ta nufi bayan gida.

"Kamalu, ashe kana kallona ina sha, ina alwala, ina ba mutane?"

Ya sunkuyar da kai. "Goggo, da na faɗa ai ba za ki ba ni wuri ba."

"Gaskiya ne," in ji ta. Ta juya ta koma madafa.

Kafin mako ya fita ya kwashe kayansa ya koma Sabon Wuse. Aka rufe rijiyar da siminti. Wasu maƙwabta har yau ba sa amsa gaisuwarta, suna cewa da saninta aka yi. 'Yan garuwa ne ke kawo mata ruwa yanzu. Da sallah Kamaluddeen ya aiko mata da turmin atamfa, ta ce a mayar masa, ko ƙullin ledar ba ta kwance ba.